Fentin da ya ƙi zama a katako: labarin wani gida a Tudun Wadar Zariya

## Gidan da katakon da ke cikinsa

Gidan yana Tudun Wada a Zariya. Ginin bulo da siminti ne mai rufin kwano, an gina shi a farkon shekarun 1980, da ɗakuna huɗu, falo, kicin da banɗaki biyu. Mai gidan tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Yana zaune da uwargidansa da ɗansa da matar ɗan da jikoki uku. Lokacin da aka fara aikin fentin katakon babban jikan yana da shekara 6, ƙaramin kuma rarrafe yake yi.

Bangon gidan bai taɓa ba da wahala ba. Abin da ya ci kuɗi da lokaci shi ne katakon da ya kewaye ƙofofi da tagogi: firam ɗin ƙofa 8, firam ɗin taga 10 masu gilashin luba, sikatin na katako da ya bi gindin bango a falo da ɗakuna biyu, tsawonsa wajen mita 45, sai kuma siraran katakan da ke rufe mahaɗar allunan silin. Firam ɗin ƙofofin na maɗaci ne, katako mai nauyi da ba ya saurin lalacewa. Sikatin da katakan silin kuwa farin katako ne marar nauyi.

An yi wa katakon nan fenti aƙalla sau huɗu tun da aka gina gidan, abin da aka gane daga launukan da suka bayyana lokacin kankara: kore a can ƙasa, sai rawaya, sai ruwan ƙasa, sai ruwan madara a sama. Dukkansu fentin mai ne mai sheƙi, wanda masu fenti ke kira gulos, kuma kowanne an ɗora shi ne a kan na baya. Wajen shekara goma kafin wannan labari gara ta taɓa firam biyu, sai aka ba mai gidan shawarar da ake yawan bayarwa: ya samo baƙin mai daga garejin makanikai ya shayar da gindin kowane firam. Ya yi hakan a ƙofofi biyar.

Yanayin Zariya yana da hannu a cikin duk abin da ya biyo baya. Damina takan kama daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta, kuma a lokacin katako yakan sha laima ya kumbura har ƙofa ta riƙa cijewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, iska ta bushe ƙarau, katako ya tsuke, rata ta buɗe tsakanin firam da bango. Hadari kuma daga gabas yakan taso, saboda haka tagogin wannan ɓangare su ne ke shan dukan ruwa.

## Afrilu 2023: fentin Sallah

Ƙaramar Sallah ta 2023 ta faɗo ranar Juma'a 21 ga Afrilu. Saura mako guda aka ba wani mai fenti gidan gaba ɗaya, ya gama cikin kwana uku. An sayo bokitan fentin ruwa, wato imolshin, don bango. Domin rage kashe kuɗi sai aka yanke shawarar a bi katakon ma da shi. Shirin da aka yi wa katakon shi ne kaɗe ƙura da busasshen tsumma. An shafa fentin sau biyu a rana ɗaya.

Ranar Sallah gidan ya yi kyau. A watan Yuni aka fara ganin alama kusa da mariƙin ƙofar falo, inda farce ko makulli ya taɓa sai fentin ya tashi. Zuwa Agusta yana ɓamɓarewa zirin-zirin, yara na kama bakinsa suna ja. A ƙarƙashinsa tsohon gulos ɗin yana nan yana sheƙi, sumul, babu ko ɗigon sabon fenti da ya maƙale masa.

Da aka kira mai fentin ya ce an sayar musu da jabu ne. Mai gidan ya karɓi wannan bayani. Fentin bango, wanda daga bokitan nan aka ɗebo shi, ko gezau bai yi ba.

## Disamba 2023 zuwa damina ta 2024: gwaji na biyu

Ɗan mai gidan ne ya karɓi ragamar aikin a wannan karo. Ya ce a koma ga fentin mai, tunda da shi aka saba. An kawo wani mai fentin da yaransa biyu a mako na uku na Disamba, hunturu ya kankama.

Sun ɓare fentin ruwan da ya riga ya saki, da hannu da ƙarfen kankara, suka bar wanda ya yi kamar ya kama. Sun goge wasu wuraren da sanfefa mai lamba 80 a bushe. Saboda sanyi an rufe tagogi, jama'ar gida kuma na ciki, ƙura ta sauka a kan kujeru da tabarmi da kwanuka, da yamma aka share da tsintsiya. Ratar da ke tsakanin firam da bango, wadda a wasu wuraren ta kai milimita 4, aka cike ta da garin POP. Ba a sa fentin shimfiɗa ba, wato wanda ake fara shafawa don na sama ya samu abin kamawa. An tsinka gulos da kananzir, kimanin lita 1 a galan mai lita 4, aka shafa da kauri, washegari da safe aka sake shafawa.

Abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Fentin ya fi mako guda yana danƙo, ƙurar hunturu ta manne masa, da ya bushe sai ya yi kaushi a hannu. A firam ɗin ƙofar kicin ya ƙi shimfiɗuwa tun a ranar, yana janyewa yana barin ƙananan ramuka, daga baya ya yamutse. Cikin mako biyu wani tabo mai duhu ya huda fentin a gindin ƙofofin nan biyar, daga ƙasa zuwa tsawon santimita 25 ko 30.

Sauran sai da damina ta faɗi. Katako ya kumbura ya matse POP ɗin, ya tsattsage, ya riƙa zubowa gutsi-gutsi. Ɗigon tsatsa ya bayyana a kan kowane kan ƙusa a tagogin gabas. Duk inda aka bar fentin ruwan 2023 a ƙarƙashi, ya tashi ya tafi da sabon gulos ɗin. Sikatin da ke bin bangon da ya raba ɗaki da banɗaki ya yi bororo, idan aka fasa sai a ga danshi a ciki.

## Agusta 2024: soda da maganar wuta

Wani maƙwabci ya ba da shawarar a cire fentin duka a koma kan ainihin katako. An gwada a firam ɗaya, na ƙofar sito, da sodar da mata ke haɗa sabulu da ita. An jiƙa ta da ruwa aka shafa, fentin ya narke aka kankare. Amma maɗacin ya yi baƙi, fuskarsa ta tashi gashi-gashi, mahaɗar kusurwa ɗaya ta saki. Yaron da ya yi aikin ba shi da safar hannu, sodar ta ƙona masa wuyan hannu. An ɗauraye katakon sau ɗaya, aka ba shi kwana biyu a tsakiyar Agusta, aka shafa gulos. Fentin bai taɓa yin tauri ba. Bayan mako uku yana nan da laushi da santsi, ana dangwala yatsa yana lotsawa.

Daga nan aka kawo maganar wuta, wato a bi fentin da fitilar gas ta masu walda, ya yi laushi a kankare. A daidai lokacin 'yar mai gidan, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta zo ganin gida. Da ta ji shirin sai ta ce wa mahaifinta: "Baba, don Allah kada a sa wa fentin nan wuta. Kuma a daina goge shi a bushe alhali yara na cikin gida."

Dalilinta gubar dalma ce. An daɗe ana sa dalma a fentin mai, don launi, musamman rawaya da ja da kore, da kuma don ya yi saurin bushewa. Amurka ta hana amfani da irin wannan fenti a gidaje tun 1978, amma gwaje-gwajen da aka yi wa fentin mai da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya shekaru da yawa bayan haka sun samu dalma mai yawa a cikin wasunsu. Muddin fentin na nan lafiya a jikin katako haɗarinsa kaɗan ne. Idan aka goge shi a bushe sai ya zama ƙura mai laushi da ke sauka a ƙasa, yaro mai rarrafe ya kwasa a hannu ya kai baki. Idan aka ƙona shi kuma ya zama hayaƙi a shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta komawa. Mutanen Arewa ba baƙin wannan guba ba ne: a 2010 yara wajen 400 suka rasu a Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, sakamakon ƙurar duwatsun zinari da ake daka a cikin gidaje. Ƙurar fenti ba ta kai waccan ƙarfi ba, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙaramin adadi ba ya nuna alama a ido. Gwajin jini ne kaɗai ke nuna ta.

Ba a kai fentin gidan gwaji ba. An dai yanke cewa tunda akwai kore da rawaya na shekarun 1980 a ƙarƙashi, za a yi aiki da shi tamkar an tabbatar yana da dalma. Aka bar maganar wuta. Aka wanke labule da tabarmi, aka goge ƙasa da kan kabad da bakin tagogi da jiƙaƙƙen tsumma, aka dakatar da komai sai damina ta ɗauke.

## Oktoba 2024: binciken katakon

Mai fenti na uku dattijo ne da ya daɗe yana aiki da kafintoci a Sabon Gari. Ranar da ya fara zuwa bai zo da gwangwanin fenti ba. Ya zo da reza, salatif, sukundireba, auduga da kwalbar sifirit ta kemis, ya yi rabin yini yana bin katakon ɗaya bayan ɗaya.

Ya fara da sifirit. Ya jiƙa auduga ya murza a kan fenti: fentin ruwa yakan yi laushi ya fito a jikin audugar, fentin mai kuwa ba ya motsi. Da wannan ya gano duk wuraren da fentin 2023 ya ɓuya, ta hanyar kankare gulos ɗin sama kaɗan ya gwada abin da ke ƙasa. Sai gwajin reza. Ya tsaga fentin a gicciye, ya danna salatif a kai, ya fizge. A yawancin wurare fentin sama biyu suka biyo salatif ɗin, tsohon ruwan madarar ya tsaya daram. Wannan ya nuna tsoffin fentin huɗu sun kama katakon da kyau, babu dalilin tayar da su.

A kicin ya kankare gulos ɗin ya ɗiga ruwa a kan abin da ke ƙasa, ruwan ya dunƙule ya gangara, ya shafa yatsa ya nuna wa mai gidan maiƙo mai launin ƙasa. Hayaƙin girki ne na shekaru. A gindin ƙofofi ya sinsina katakon, ya tambaya ko an taɓa zuba masa baƙin mai. Ya soka sukundireba: a firam biyu ta nutse kusan santimita 2, ciki duk ƙasar gara ce, a sauran ukun katakon yana da ƙarfi amma ya jiƙe da mai. Ya cire sikatin ɗin bangon banɗaki, bayansa ɗanye ne ba a taɓa shafa masa komai ba, ya yi baƙi, plastar kuma a jiƙe. An fasa wurin aka samu bututun ruwa yana yoyo a mahaɗa.

Ya kuma ɗaga kai ya dubi silin. Allunan irin na asbesto ne, waɗanda aka yi yayinsu a gidajen wancan zamani. Ya ce sanfefa ba za ta taɓa su ba ko kaɗan, domin ƙurarsu na cutar da huhu.

Abin da ya faɗa wa mai gidan a ƙarshe shi ne: "Malam, shafa fentin kwana huɗu ne. Gyaran katakon zai kai mako biyu, kuma sai an kawo kafinta da mai famfo kafin ni." An yi ciniki a kan haka. Kuɗin aikin hannu ya kusan ninka na 2023 sau uku, mai gidan ya yi kwana biyu yana nazari kafin ya amince.

## Nuwamba 2024: aikin

An zaɓi farkon Nuwamba da gangan. Ruwa ya ɗauke da makonni, katako ya fara bushewa amma bai tsuke gaba ɗaya ba, hazo kuma bai yi kauri ba tukuna.

Mai famfo ya gyara bututun tun ƙarshen Oktoba, aka bar bangon a buɗe ya sha iska. Kafinta ya yanke gindin firam huɗu, biyun da gara ta ci da biyu daga cikin masu baƙin mai, santimita 35 daga ƙasa, ya dasa sabon busasshen katako. Kafin a dasa an shafa wa sabon katakon maganin gara irin wanda fenti ke hawa kansa, aka ba shi kwana uku, aka kuma shafa fentin shimfiɗa a kowane gefe, har da bakin yankan da zai fuskanci ƙasa, domin ta nan katako ya fi shan ruwa. An bar 'yar rata tsakaninsa da daɓe. Firam na biyar, na ƙofar baya, mai gidan ya hana a yanke saboda sai an taɓa bulo. Shi an goge shi da tina, ruwan da ake tsinka fentin mai da shi, sau uku a kwanaki uku, sannan aka rufe da fentin alminiyam sau biyu.

Kafin a fara kankara an tura matar ɗan da yaran gidan 'yan'uwa a Samaru. Ɗaki ɗaya ake yi a lokaci guda: a fitar da kaya, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, a rufe ƙofar da ta haɗa da sauran gida, a buɗe taga. Masu aikin sun sa takunkumi da safar hannu, ba sa cin abinci ko goro a wurin, kuma sukan canja kaya kafin su tafi gida.

An cire mariƙai da hinji da gilasan luba aka ajiye. An kankare gulos ɗin 2023 da fentin ruwan da ke ƙasansa da ƙarfen kankara, ana fesa ruwa kaɗan don kada gutsattsarin su tashi. Fentin ruwan da ya yi taurin kai aka jiƙa shi da sifirit. An tono POP ɗin duka.

Sai wanki, wanda aka yi kafin sanfefa domin sanfefa a kan maiƙo tura shi take yi cikin fenti. Ruwan ɗumi da omo da soso, daga nan a ɗauraye da ruwa mai tsabta sau biyu, saboda ragowar sabulu ma tana hana fenti kamawa. Firam ɗin kicin sai da aka wanke shi sau uku kafin ɗigon ruwa ya daina dunƙulewa a kansa. Firam ɗin sito da soda ta taɓa aka wanke shi da ruwan da aka zuba wa binega, aka ɗauraye, aka bar shi mako guda.

Gugar an yi ta ne a jiƙe, da baƙar sanfefar nan ta masu fentin mota wadda ruwa ba ya lalatawa. Lamba 120 da farko, sannan 180. Manufar ita ce a kashe sheƙin tsohon fentin ya dushe ko'ina, ba a cinye shi ba. Inda fenti ya ɓalle har katako ya bayyana, an goge bakin wurin ya kwanta don kada a ga tudu bayan an shafa. Abin da ke fita laka ce maimakon ƙura, ana kwashe ta da tsumma ana jefawa a leda. Kowace yamma a naɗe ledar ƙasa, a ɗaure, a goge daɓen da ruwa. Tsintsiya ba ta shiga ɗakin ba. Katakan silin kuwa wanke su kawai aka yi, aka ɗan murza da soso mai kaushi a jiƙe, an manna salatif a gefensu don kare allunan.

Bayan gugar an bar katakon kwana biyu ya bushe. Kowane kan ƙusa an buga shi ya nutse kimanin milimita 2, aka goge tsatsar, aka ɗiga jan fentin ƙarfe, da ya bushe aka cike ramin. Ƙananan ramuka a jikin katako an cike su da garin katako da aka kwaɓa da farin gam na kafintoci. Ratar da ke tsakanin firam da bango kuma an cike ta da abin toshe rata mai danƙo da ake matsowa daga bututu, irin wanda fenti ke kamawa. Ɗan mai gidan ya sayo silikon da farko, mai fentin ya sa aka mayar, domin fenti ba ya zama a kan silikon. Sikatin ɗin bangon banɗaki an canja mita 3 daga cikinsa, aka shafa wa bayansa fentin shimfiɗa kafin a kafa.

Shirin ya ci kwana 13. Daga nan aka shafa fentin shimfiɗa na katako a duk inda katako ya bayyana, aka ba shi awa 24. Aka bi dukkan katakon da andakot, fentin da ake sawa kafin gulos, sau ɗaya, aka sake ba shi awa 24, aka goge sama-sama da lamba 220, aka share da tsumma mai ɗan danshi. Gulos sau biyu, kowanne siriri, da awa 24 a tsakani. An tsinka shi da tina kaɗan gwargwadon abin da aka rubuta a gwangwani, kananzir bai shiga ba. Da safe ake shafawa, bayan an yayyafa ruwa a tsakar gida don ƙura ta kwanta. An bar ƙofofi a buɗe kwana uku kafin a yarda su haɗu da firam. Yaran sun dawo bayan an sake goge gidan da ruwa kuma warin fenti ya fita.

## Fabrairu zuwa Oktoba 2025: abin da aka gani

A ƙarshen Fabrairu, bayan hunturu ya gama tsuke katakon, ratar firam da bango ba ta buɗe ba sai a taga ɗaya, inda abin toshewar ya ɗan saki tsawon tafin hannu. An sake gwajin reza da salatif a wurare shida, babu inda fenti ya biyo.

A Agusta ƙofofi biyu sun cije kamar yadda suka saba, amma fentin bai ɓalle a bakinsu ba. Tsatsa ba ta dawo ba. Sikatin ɗin banɗaki a bushe yake. Firam ɗin kicin ya yi dauɗa, aka goge da ruwan sabulu ya fita. Firam ɗin sito ya yi tauri kamar sauran.

Wurare biyu sun ba da matsala. Tabon baƙin mai ya sake fitowa a gindin ƙofar baya tun watan Afrilu, lokacin zafi, ya fi na da haske amma ana ganinsa. Sannan ƙasan firam ɗin wata taga ta gabas ya tsage siriri a Satumba. Da aka duba, katakon wurin a kwance yake ba shi da gangare, ruwa na taruwa a kai bayan kowane hadari.

## Abin da ya sa wasu suka gaza, wannan ya kama

Fentin 2023 ba jabu ba ne, bangon gidan ya isa shaida. Gulos da ya shekara yana da tauri da santsi, fentin ruwa ba ya samun abin riƙewa a kansa sai an kashe sheƙin an kuma sa shimfiɗar da ta dace. Aikin Disamba ya gaji wannan rauni domin an ɗora shi a kan ragowar na farko, sannan ya ƙara nasa: kananzir mai yawa da shafa mai kauri sun hana bushewa, shafa ta biyu ta rufe ta farko tun tana ɗanya, POP kuma busasshen abu ne da ba ya miƙewa, aka cusa shi a rata a lokacin hunturu da take a buɗe. Soda ta gaza ne saboda ragowarta a cikin katako tana narkar da fentin mai, irin yadda take mayar da mai sabulu, ga shi kuma an shafa a kan katakon da bai bushe ba.

A ganina babban abin da dattijon nan ya yi daban shi ne rabin yinin da ya yi yana bincike. Mutanen gidan sun ɗauka ciwo ɗaya ne, fenti na ɓarewa, suna ta neman magani ɗaya. Alhali sheƙi ne a falo, maiƙo a kicin, baƙin mai da gara a gindin ƙofofi, yoyon bututu a bangon banɗaki, tsatsa da dukan ruwa a gabas. Babu irin fentin da zai warware waɗannan duka, kuma biyu daga cikinsu aikin kafinta da mai famfo ne. Binciken ne kuma ya nuna cewa tsohon fentin lafiyarsa ƙalau, abin da ya rage aiki ya kuma bar dalmar da ake zargi a rufe inda take.

Ƙofar baya ta nuna iyakar wanki da rufewa. Baƙin mai da ya yi shekara goma a cikin katako ba ya fita da tina, zafi na tasowa zai sake tsattsafowa, kuma firam biyun da gara ta ci suna cikin waɗanda aka shayar da shi. Ban ga dalilin da za a ci gaba da ba mutane wannan shawara ba. An shirya yanke gindin firam ɗin da kuma fere ƙasan tagar gabas ya samu gangare.

Abin da ya fi damuna a labarin shi ne gugar Disamba 2023. Garin neman gira aka kusa rasa ido: an cika rufaffen gida da ƙurar fentin shekarun 1980 yaro na rarrafe a ƙasa, aka kuma share da tsintsiya, kuma babu wanda ya yi hakan da mugun nufi, haka yawancin masu fenti ke aiki. 'Yar mai gidan ta nemi a yi wa ƙananan yaran biyu gwajin dalma a jini. Zuwa Oktoba 2025 ba a kai su ba, kuma ya kamata a kai su.